Hayaƙin Kurmi: Masana Sun Yi Lissafi, Mu Muke Biya a Asibiti



Makon jiya na raka wani maƙwabcina asibiti da ɗansa mai shekara biyu. Yaron ya kwana uku yana tari, numfashinsa na fita da ƙara kamar usur, haƙarƙarinsa na lotsawa duk sanda ya ja iska. Likitar ta ce namoniya ce, kuma karo na biyu ke nan a bana. Sai ta tambayi uban inda suke kwana. Ya ce ɗaki ne a bayan teburin shayinsa, bakin babban titi. Janaretan mai shagon kusa yana jingine da tagarsu, maiɗakinsa kuma ta koma girki da gawayi tun da gas ya yi tsada. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Malam, magani zan rubuta maka, amma iskar da zai koma cikinta ba ni da maganinta." Kafin a sallame su, kuɗin gado da allurai sun cinye cinikin kusan sati uku.

A hanyar dawowa, muna tsaye cikin cunkoso a bayan wata tirela da ke feso mana baƙin hayaƙi, na tuna wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2020 kan iskar Legas. Masu binciken sun kiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai, gurɓatacciyar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a jihar kafin lokacin da aka saba, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Asarar da suka lissafa, ta rayuka da ta jinya, ta kai dala biliyan 2.1, wato kusan kashi 2.1 cikin ɗari na duk abin da tattalin arzikin jihar ya samar a shekarar. Abin da suka auna shi ne ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi siranta kusan sau talatin, har suna ratsa huhu su shiga jini. A Legas sun sami awo 68 a ma'aunin da ake amfani da shi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a lokacin ta ce kada a wuce 10. A 2021 ma hukumar ta sake rage iyakar zuwa 5. Manyan masu laifin da rahoton ya nuna su ne motoci a kan titi, sai masana'antu da janaretoci.

Na san wani zai ce, subhanallahi, rai ai ba a yi masa farashi. Haka ne, kuma masanan ma ba cewa suke yi ga kuɗin ran Malam wane ba. Abin da suke dubawa shi ne nawa mutane kan yarda su biya, ko su karɓa, a kan ɗan ƙarin haɗari ko raguwarsa, kamar yadda direban tankar mai zai nemi albashin da ya fi na direban motar burodi. Sai su tara wannan a kan jama'a masu yawa. Ni kaina ina da ƙorafi a kan hanyar, domin ana daidaita lissafin da kuɗin shigar ƙasa, don haka mutuwar yaro a Agege takan fito da araha a takarda fiye da mutuwar yaro a Landan. Amma duk da haka ina ganin amfaninsa. A ofishin da ake raba kasafin kuɗi, abin da ba shi da lamba ba ya samun kujera. Idan ka ce wa kwamishina yara na tari, zai ce Allah ya sawwaƙe. Idan ka ce masa jiharsa na zubar da dala biliyan biyu a shekara, zai gyara zama.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana hana ruwa gudu, kuma duk mai son kare kamfaninsa da ita yake fakewa. Talaka ne ke zaune bakin titi da gefen bola da gindin masana'anta. Talaka kuma shi ne ba ya cin abinci mai kyau, ba ya zuwa awo a kan kari. To idan ɗansa ya mutu, ta yaya za a ce hayaƙi ne ya kashe shi, ba talauci ba? A nan ne masana tattalin arziki suka yi aikin da ya burge ni. Sukan nemi wani yanayi da hayaƙi ya canza farat ɗaya amma mutanen ba su canza ba, sai su kwatanta kafin da bayan.

Misalin da na fi so daga Amurka yake. A jihohin New Jersey da Pennsylvania an sa na'urar E-ZPass a shingayen karɓar kuɗin hanya, yadda mota za ta wuce ba sai ta tsaya ta biya ba. Ba don lafiyar kowa aka yi ba, don saurin tafiya ne. Janet Currie da Reed Walker suka bi bayanan haihuwa na matan da ke zaune cikin kilomita biyu daga shingayen, suka kwatanta su da matan da ke zaune gefen titunan iri ɗaya amma nesa da shinge. A binciken da suka wallafa a 2011, haihuwar bakwaini da haihuwar jarirai marasa nauyi sun ragu da kashi goma da ɗoriya cikin ɗari a kusa da shingayen. Matan su ne su, albashinsu bai ƙaru ba, layin motocin da ke tsaye suna turnuƙa hayaƙi ne kawai ya gushe. Duk wanda ya san yadda tireloli da tankoki suka yi shekaru suna kwana a layi kan hanyar Apapa, ko yadda Oshodi take da yamma, ya san abin da nake tunani. Kuma ya san su wa ke zaune a gefen layin nan suna sayar da shayi da ƙosai da goro.

A Sin ma an samu irin wannan. Gwamnati ta daɗe tana ba garuruwan da ke arewa da kogin Huai gawayin kwal kyauta ko da rangwame don ɗumama gidaje, na kudu da kogin kuma ba ta ba su. Michael Greenstone da abokan aikinsa suka kwatanta garuruwan da ke dab da kogin ta ɓangarorin biyu, kuma a bincikensu na 2017 suka gano na arewan sun yi asarar kusan shekara uku na tsawon rai, galibi ta cutar zuciya da huhu. Tallafi ne aka yi da kyakkyawar niyya, ya dawo ta hanci.

Ba sai mun je nesa ba ma. Anna Bruederle da Roland Hodler na jami'ar St. Gallen a Suwizalan sun haɗa bayanan malalar ɗanyen mai a Najeriya da bayanan haihuwa, suka wallafa a 2019. Dabararsu ita ce kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, wanda aka ɗauki cikinsa kafin mai ya malala kusa da gida da wanda aka ɗauki cikinsa bayan malalar. Sun gano cewa idan mai ya malala cikin kilomita goma daga gidan uwa kafin ta ɗauki ciki, mutuwar jarirai a watan farko takan ƙaru da kusan 38 cikin kowane 1,000, wato ta ninka. Uwa ɗaya, gari ɗaya, talauci ɗaya. 'Yan uwanmu na Fatakwal ba sa buƙatar takarda kafin su yarda. Tun ƙarshen 2016 suka fara wayar gari da baƙar kunkunniya a kan mota da tabarma da tafin ƙafar yara, ka share hanci ka ga baƙi. An ɗora laifin a kan matatun ɓoye na cikin fadama, da ƙona man da jami'an tsaro suka kama, da wutar gas ta kamfanoni, da ƙona taya. A farkon 2022 gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya ƙaddamar da farautar matatun ɓoyen, mazauna garin da dama kuma suka ce sun ga sauƙi na wani lokaci.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya mu duba kanmu. Duk lambobin nan matsakaici ne. Awo 68 na Legas ya haɗa mai zama ofis mai na'urar sanyi a Ikoyi da mai shayin da ke tsaye bakin tasha daga asuba zuwa sha ɗayan dare. To ku lissafa sana'o'in da suka kawo yawancinmu Kurmi. Ɗan acaɓa da ɗan keke hancinsu na saitin salansar motar gabansu yini guda. Mai tsire yana kan hayaƙin wuta. Mai gadi ɗakinsa galibi a jikin ɗakin janareta yake, mai gida na barci a sama da fanka, shi yana shaƙar abin da ya kunna fankar. Ɗan dako a kasuwar kayan gwari yana sauke buhu a gindin tirelar da direba bai kashe ba. Ɗan jari-bola yana yini a Olusosun. Rahoto ba ya rarrabe mutane da ƙabila, kuma bai kamata ba, amma yana nuna inda hayaƙin ya fi kauri, mu kuma mun san wa ke tsaye a wurin. Ga shi da yawanmu idan ciwo ya yi tsanani gida Arewa ake mayar da mu, a can a yi jinya, a can a yi jana'iza, don haka ko a littafin asibitin Legas ba mu fito ba.

Sai batun doka, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ka bi abin da binciken ke nunawa, riba mafi girma tana wurin gyara abu daga tushe, kamar irin man da ake zubawa a mota da wutar da ake girki da ita. Nan ne kuma gwamnati ta fi jan ƙafa.

Ɗauki man dizal. Akwai sinadarin salfa a cikinsa, wanda muke kira farar wuta, kuma yawansa na ƙara ƙwayoyin hayaƙin nan, yana kuma lalata matatar hayaƙi ta motocin zamani. Turai ta kayyade shi a kashi 10 cikin miliyan. Najeriya ta daɗe tana yarda da 3,000. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa mai mai datti musamman don Afirka ta Yamma, domin dokarmu ta ba su dama. A watan Disambar shekarar, Najeriya da Ghana da Togo da Benin da Kwaddibuwa suka yi alkawarin saukowa zuwa 50. Ghana ta aiwatar. Mu aka sa rana a 2017, ranar ta zo ta wuce. A 2020 ƙungiyar SDN da ke aiki a Neja Delta ta gwada man gidajen mai da na matatun ɓoye, ta tarar dizal ɗin da aka shigo da shi ta halal ya fi na daji yawan salfa. Abin kunya ne a ce sai da Holan a 2023 da Beljiyam a 2024 suka hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu, wato mai sayarwa ya riga mai saye jin tausayin huhunsa. Ko cacar bakin da aka yi a watan Yulin 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar NMDPRA kan wane dizal ne ya fi salfa, yawancinmu mun kalle ta a matsayin rigimar manya kan kasuwa. Amma abin da suke jayayya a kansa shi ne ke shiga ƙirjin ɗan maƙwabcina.

Wutar gas ta kamfanonin mai ma haka. Dokar 1979 ta ce daga 1984 ba a yarda a ƙona gas ba sai da izinin minista. Shekaru masu yawa tarar naira 10 ce kacal a kan kowace ƙafa dubu ta gas. A 2018 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta koka cewa saboda yadda aka rubuta dokar, kamfanoni na ɗaukar tarar a matsayin kuɗin gudanarwa suna cire ta daga haraji. A shekarar aka ɗaga ta zuwa dala biyu ga manyan kamfanoni. Ko ɗan tireda ya san wannan lissafin, idan tara ta fi gyara araha, to ta zama kuɗin haya, a biya a ci gaba. Har gobe Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a ƙididdigar Bankin Duniya.

Amma idan dokar muhalli ta juyo kanmu, ba ta san jan ƙafa ba. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Legas ta rufe kasuwar Mile 12 da ta Owode Onirin saboda ƙazanta, cikin dare ɗaya. Ba na cewa kasuwar tsaf take, duk mun san yadda take da damina, kuma bayan rufewar an yi shara. Abin da nake cewa shi ne a auna. Mai tumatir ɗin da kayansa suka ruɓe a mota ya biya tararsa nan take, da jarinsa. Mai shigo da dizal mai datti an ba shi shekaru yana shiri. Idan da gaske lafiyar jama'a ake karewa, ai wanda ɓarnarsa ta fi yawa shi ya kamata ya fara jin bulala.

Batun girki kuwa ya shafi kowane gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020. Indonesiya ta so ta rabu da tallafin kananzir, sai a 2007 ta fara raba wa gidaje ƙaramar tukunyar gas mai kilo uku da murhunta kyauta, har gidaje fiye da miliyan 50 suka samu. Wata masaniyar tattalin arziki mai suna Imelda ta bi sawun shirin gunduma-gunduma, ta gano mutuwar jarirai ta ragu inda gas ya isa. Su sun cire tallafi sun ba mutane tsani. Mu an cire na kananzir a 2016, an cire na fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ita kuma tukunyar gas mai kilo 12.5 da ake cikawa a kan kusan naira 4,000 a 2020 ta haura naira 15,000 a ƙarshen 2024. Ku leƙa lungunanmu ku ga yadda buhunan gawayi suka dawo. Ban ce a dawo da tallafin fetur ba, ni kaina na san mai manyan motoci ya fi mai keke cin moriyarsa. Amma wani ɓangare na kuɗin da aka ce an tara, da an zuba shi a kan gas ɗin girki, da ya dawo ta hanyar gadajen asibiti da ba a cika ba.

Wasu za su ce a raba murhun gawayi na zamani mai rage hayaƙi. A yi hattara. Rema Hanna da Esther Duflo da Greenstone sun bi irin wannan shiri a jihar Odisha ta Indiya na tsawon shekara huɗu. Shekarar farko hayaƙi ya ɗan ragu, daga baya murhunan suka lalace, mata suka koma na gargajiya, lafiya ba ta canza ba. Duk ƙungiyar da ta zo zango da kyautar murhu da mai ɗaukar hoto, a tambaye ta wa zai gyara idan ya fashe.

To, kada mu yi ta nuna wasu da yatsa mu manta da namu. Babbakar ganda da kai da ƙafa da tsohuwar taya a kwata, wallahi wannan namu ne, kuma mahauci ne farkon mai shaƙa kafin mai saye ya ci. Ƙona wayar lantarki don a fitar da jan ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, shi ma namu ne, kuma yaran da ke yi ƙannenmu ne da suka zo cirani. Fasa tsohon batirin mota a tsakar gida ya fi su duka haɗari, domin dalma ce a ciki, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba. Sai janareta a baranda ko a ɗaki saboda tsoron ɓarayi. Kusan kowace shekara sai an ji iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Waɗannan ba sai gwamna ya sa hannu ba. Sarkin Hausawa da sarkin fawa da shugabannin kasuwa da limamai za su iya. Wasu mahautan sun riga sun koma babbaka da wutar gas, ƙorafinsu tsada ne, kuma tsada abu ne da ƙungiya za ta iya zama a kai, a sayi kayan aiki na haɗin gwiwa a riƙa biyan kuɗin kai-da-kai. Yin haka ma kariya ce, domin duk ranar da aka so rufe kwata, hoton taya na ci da wuta ake fara nunawa.

Abin da nake roƙon shugabanninmu shi ne, idan an kira su taron masu ruwa da tsaki, ko 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, kada buƙatar ta tsaya a kan a buɗe mana kasuwa da a bar mana wurin fakin. A nemi hukumar LASEPA ta kafa na'urar auna iska a Mile 12 da Agege da Alaba Rago, a riƙa manna sakamakon inda kowa zai gani. A nemi a riƙa bayyana sakamakon gwajin salfa na man da ake sayarwa. A nemi wutar lantarki mai tsayawa a kasuwanni, domin kowane shago da ya samu wuta janareta ɗaya ya mutu. A nemi tireloli su kashe inji idan suna jiran sauke kaya, wannan ma ƙungiyar direbobi kaɗai ta isa ta hukunta. Kuma buƙatu ne da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da Ijo za su sa hannu a kai ba gardama, tunda hanci ɗaya gare mu, abin da ba kasafai muke samu ba a siyasar Kurmi.

Shi kuwa maƙwabcina, shekaranjiya ya je ya sami mai shagon kusa, suka yi magana ta fahimta, aka ja janaretan zuwa bayan katanga aka ƙara masa dogon bututu. Kuɗin bututun da na mai walda su biyu suka raba. Maiɗakinsa ta fitar da murhun gawayi waje, yaron kuma an mayar da shimfiɗarsa nesa da taga. Titin dai yana nan inda yake, tirelolin ma haka. Likita ta ce su dawo da shi bayan sati biyu a sake duba ƙirjin.